Sunan da Aka Liƙe da Gam

Camden, Landan
6 ga Maris, 1989

Gwaggo Icilda,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya. Ya sanyi, ya gwiwar nan taki? Na san za ki ce sai da buƙata nake tuna ki. To wannan karon albishir na kawo.

Ƙungiyarmu ta kiɗa za ta fitar da faifanta na farko! Wani ƙaramin kamfani ne ya ɗauke mu, mai shi sunansa Julian. Ga kaset nan a cikin ambulan. Ki saurara, amma ki rage murya kada 'yan cocinku su ji su ce kin lalace.

Kiɗan namu ana ce masa asid jaz. Kada sunan ya tsorata ki, wani ne ya faɗa da wasa ya bi bakin mutane. Tsofaffin faifan Amurka muke tonowa, na shekarun saba'in, lokacin da makaɗan jaz suka kama kayan lantarki suka haɗa da gangar fank. Mu ɗauko gangar da babbar jitar yadda suke, mu ɗora namu a kai. Ran Lahadi da rana, kuna can kuna waƙar yabo, mu muna wani ɗaki a bakin kasuwa, samari da 'yan mata sun cika shi maƙil suna rawa har takalmi ya yage.

Kiɗa na farko a kaset ɗin shi ne makaminmu, kuma ba mu muka ƙirƙire shi ba. Na wani Ba'amurke ne, Wendell Stokes, mutumin Ohio. Faifai ɗaya tak ya yi ya ɓace. Fam tamanin na ba Terry, dillalin tsofaffin faifai, kafin ya sakar mini shi. Gwaggo, hannun mutumin nan a kan fiyanon lantarki ba a magana! Akwai wani wuri a tsakiya da yake hawa, yana hawa, sai ya tsallake murya ɗaya ya bar rami. Mai fiyanonmu wata biyu ya yi kafin ya iya. Mu nan tsallen Ohio muke ce masa.

Ƙarshen Afrilu za a buga kwalin faifan, da sunan Stokes a baya, don mu ba ɓarayi ba ne.

Ki gaida Fasto. Ki huta lafiya.

Ɗanki,
Everald

Wolverhampton
11 ga Maris, 1989

Everald,

Na samu wasiƙarka, lafiya lau nake, gwiwa da sauƙi. Gaisuwar ta isa haka.

Ina yanka albasa na sa kaset ɗinka. Saura kaɗan in datse yatsana. Na zauna a ƙasan kicin na saurare shi sau huɗu, shinkafa ta ƙone ban sani ba.

Wane ne Wendell Stokes? Wace uwa ta haife shi? Wannan kiɗan nawa ne. Ni na tsara shi a ɗakin haya a Harlesden, a shekarar 1975, kana can Jamaika wurin kakarka kana bin awaki. Sunansa "Safiyar Harlesden". Mu biyar ne muka buga shi a rana ɗaya, a wani ɗakin ɗaukar sauti da ke ƙarƙashin shagon katifa. Hopeton Gayle ne a kan ganga, ni ce a kan fiyano. Guda ɗari uku muka buga da kuɗin aljihunmu.

Kai da kake zuwa ka koya mini yadda jaz ya haɗu da fank, ina kake lokacin da muke bin layi ran Asabar don mu saurari faifan da suka iso daga Amurka? Mu saurara a shago sau biyu, don ba mu da kuɗin saye, mu ruga gida mu nemo shi a kan fiyano kafin ya gudu daga kunne. Tsofaffin 'yan jaz suna ce mana gamin gambiza muke yi, 'yan rawa suna cewa mun cika surutu da yatsu. Mun sha zagi ta ko'ina.

Kuma wai tsallen Ohio! Kai, Ubangiji Ka ba ni haƙuri. Fiyanon da na yi aro ne yake da mataccen maɓalli guda, in ka danna shi shiru. Dole in tsallake shi. Ramin da yaronku ya ɓata wata biyu yana koyo, lalacewar fiyanon wani mai aski ne a Willesden.

Ka gaya mini inda ka ga sunan Stokes ɗin nan a rubuce. Ina jiran amsa, ba surutu ba.

Gwaggonka,
Icilda Pinnock

Camden
16 ga Maris, 1989

Gwaggo,

Gaisuwa da ban girma. Wasiƙarki ta ɗaure mini kai, na karanta wa yaran ƙungiya, ba su san ko dariya za su yi ba.

Ba na ce ƙarya kike yi ba, Allah ya kiyaye. Amma kiɗan wancan zamani yana kama da juna, kuma shekara goma sha huɗu ba kwana biyu ba ne. Wataƙila kun taɓa buga irinsa. Duk Landan an san wannan gangar ta Amurka ce. Nauyin da ke kan bugun farko, yadda jitar take tafiya ƙasa ƙasa, ba a yin wannan a Harlesden, Gwaggo. Ko yanzu da ƙyar muke yi.

Kin tambayi inda na ga sunan. A jikin faifan yake, Terry ne ya rubuta da biro a kan farar takarda. Haka ake yi a sana'armu. Duk mai sa faifai a wurin rawa, idan ya samu wani abu mai wuyar samu, sai ya liƙe farar takarda a kan tambarin tsakiya, don 'yan leƙe suna nan tsaye a kansa suna karantawa faifan na juyawa, gobe su je su nemo nasu. Faifan da kowa ya san sunansa ya mutu. Kuma ba a ɓare takardar wani. Terry sai da ya sa na yi masa alkawari kafin ya sayar mini.

Ban da haka, ban taɓa jin kin buga komai ba sai waƙar yabo. Baba ma har ya rasu bai taɓa cewa kin yi ƙungiya ba.

Kada ki yi fushi. Ki kula da kanki.

Ɗanki,
Everald

Wolverhampton
20 ga Maris, 1989

Everald,

Ina gaishe ka don tarbiyya ta ce in gaishe ka.

Ba a yin wannan a Harlesden! Ka san bakin wa na fara jin wannan maganar? Wani mai kamfani da muka kai wa faifan a 1975. Ya saurara yana kaɗa ƙafa, ya ce, "Ya yi kyau ƙwarai. Ku cire sunayenku, mu ce daga Amurka ya zo, zan sayar da dubu goma. Baƙar mace daga Harlesden a kan fiyano, wa zai saya?" Maza huɗun nan duk suka juyo suna kallona. Na ce a'a. Na ɗauki jakata na fita. Faifan bai sayu ba, ƙungiyar ta watse kafin Kirsimeti, biyu daga cikinsu har yau ba sa yi mini magana. Ubanka kuwa cewa ya yi alhaki ne, don na kai baiwar Allah gidan rawa. Shi ya sa bai gaya maka ba.

Sunan nan nawa da kake gani, na riga na saye shi da tsada. Yau kuma ɗan ƙanena ne zai ce mini ƙwaƙwalwata ta tsufa.

Wato wani ɗan kasuwa ya yi rubutu da biro ka gaskata, gwaggonka ta rubuto maka shafi biyu ka kai wa abokanka su yi dariya. Madalla.

Ka ɗora butar shayi. In ta tafasa ka kanga tsakiyar faifan a kan tururin, nesa kaɗan kada ya lanƙwashe. Gam ɗin zai saki. Tambarin ruwan lemo ne, akwai zanen zakara a sama. Ka karanta abin da ke ƙasan zakaran, sannan ka rubuto mini.

Icilda Pinnock

Camden
2 ga Afrilu, 1989

Gwaggo,

Ina gaisuwa, ina kuma neman afuwa. Kwana goma ina kewaya butar nan kafin na iya. Ruwan lemo ne. Ga zakara. "Safiyar Harlesden, I. Pinnock." Sunan gidanmu, a kan faifan da na yi shekara ɗaya ina ɗagawa sama ina ihu da sunan wani. Na rasa inda zan sa kaina don kunya.

Na je wurin Terry. Ko gezau. Ya ce, "Haba ɗan samari, kowa ya san sunan kan takarda ba a rantsuwa da shi. Da na ce maka na Harlesden ne, fam nawa za ka ba ni? Biyu?" Wai Stokes sunan mai gyaran motarsa ne, Ohio kuwa a jikin kwalin taya ya gani.

To amma Gwaggo, ga inda matsalar take, don Allah ki karanta har ƙarshe. Wata mujalla ta riga ta yi shafi guda a kanmu, da bakina na ba su labarin Stokes, har na ƙara cewa an ce ya mutu a gidan yari. An manna takardun talla a duk Camden. Julian ya ce labarin Ohio shi ne rabin cinikin. Ya ce, "Mutane fatalwa suke so su saya, ba gwaggon wani ba." Ya ce idan magana ta fita shi ne zai zama abin dariya, kuma ba zai zuba kuɗinsa a kan abin dariya ba.

Ga abin da muka tsara. A bar Stokes a wannan bugun kawai. A ƙasa a rubuta "Godiya ta musamman ga Gwaggo Icilda". Duk abin da marubucin kiɗa zai samu, ke za a ba. In mun kafu, a faifai na biyu mu faɗi gaskiya, har ki buga tare da mu.

Mu shida ne, Gwaggo. Biyu sun ajiye aikinsu saboda faifan nan. Ki duba mana.

Ɗanki mai neman afuwa,
Everald

Harlesden
12 ga Afrilu, 1989

Icy, 'yar'uwa,

Wai ke ce? Da na ga rubutunki a kan ambulan sai da na zauna. Ina gaishe ki, matata Merlene ma tana gaishe ki. Ni dai ina nan ina tuƙa bas mai lamba goma sha takwas, tumbi ya fito, gashi ya gudu.

Kin tambayi yadda faifanmu ya je hannun Terry. To ki zage ni, ni ne. Guda arba'in ɗin da suka rage a hannuna suna ƙarƙashin gadona shekara da shekaru, Merlene ta ce ko su ko ita. Na kai masa kwalin ya ba ni fam goma, har ina yi masa godiya. Ashe ɗaya ɗaya yake fitar da su kamar mai sayar da zinariya.

Ran Lahadi na je wurin rawar tasu, in gani da idona. Icy, da kin ga wurin! Rana tsaka, an ja labule, yara sun fi ɗari uku, fari da baƙi, sun sa irin hulunan da muka yar tun tuni. Ɗanku ya hau da ƙungiyarsa suka buga namu. Sun rage masa gudu kaɗan, sun ƙara masu busa, wani yana ta zuba magana a kai. Ba laifi, wallahi sun iya. Da suka sauka sai mai sa faifai ya saka na asalin. Gangata ta shigo, wurin ya kama da wuta. Wani yaro ya yi tsalle ya dira a gwiwa a gabana.

Ban san lokacin da na kama hannunsa ba, na ce, "Ni ne nake buga gangar nan." Ya dube ni sama da ƙasa, ga rigar aikin bas a jikina don daga aiki na wuce. Ya ce, "Sannu Baba, ni kuma ni ne Sarauniya." Abokansa suka kwashe da dariya. Ɗaya ya ce, "Kawu, ko a kira maka tasi?" Wata yarinya ta miƙo mini ruwa, wai ko zafi ne ya taɓa ni.

Na fito na tsaya a bakin gada na fi rabin awa. Everald ya hango ni lokacin da nake fita, na tabbata ya gane ni don na gabatar da kaina gare shi tun a ƙofa. Ya sunkuyar da kai yana gyaran wayar jita.

A 1975 ina cikin waɗanda suka ji haushinki. Yau na gane. Ki yafe mini.

Naki har kullum,
Hopeton Gayle

Wolverhampton
15 ga Afrilu, 1989

Everald,

Ina fatan kana lafiya, don ina so ka karanta wannan da idonka garau. Ga wasiƙar Hopeton nan na haɗo maka. Ka karanta ta sau biyu.

Godiya ta musamman! Me na yi maka, abinci na kai muku? Ɗinkin wando na yi maka? Ni na rubuta kiɗan, mutumin da kuka bari aka yi wa dariya shi ya buga gangar da kuke ci da ita. Kuɗinku kuma ku riƙe, ban roƙe ku ba.

Terry ɗan kasuwa ne, bai san ni ba, bai taɓa cin abincina ba. Shi da ya liƙe takarda bai san fuskar wa yake rufewa ba. Kai ka ɓare, ka gani, ka karanta sunan kakanka, yanzu kana neman izinina ka mayar da ita. Kuna cewa kuna girmama na baya, kuna tono su. Ashe sai sun mutu a gidan yarin Ohio kuke girmama su. In suna da rai suna tuƙa bas, sai a miƙa musu ruwa.

Ba zan kai ka ƙara ba, ba zan rubuta wa mujalla ba. Ba na kai jinina gaban baƙi. Faifanka ne, ka buga abin da ka ga dama. Amma ranar da ya fito da sunan mai gyaran motar Terry, ka nemi wata gwaggon.

Icilda Pinnock

Camden
2 ga Mayu, 1989

Gwaggo,

Ina gaisuwa. Na yi abin da kike so, sai ki ji yadda ta kaya.

Ran Lahadi kafin mu fara na karɓi makirufo, na ɗaga faifan sama tsirara. Na ce babu wani Wendell Stokes, ni na yi ƙarya a mujalla. Na ce wadda ta rubuta kiɗan nan sunanta Icilda Pinnock, 'yar Harlesden ce, tana nan da ranta tana buga fiyano a wani coci a Wolverhampton. Na kira Kawu Hopeton ya hau ya zauna a kan ganga. Da ya buga, aka yi ihun da ban taɓa ji ba. Ya sauko yana kuka.

Ran Litinin Julian ya soke faifan. Gaba ɗaya. Terry ya ce kada in ƙara taka rumfarsa, kuma ya bi sauran dillalai ya gaya musu ni mai ɓare takarda ne, yanzu ko faifan banza ba mai nuna mini. Mai fiyanonmu ya tafi, ya ce na mai da shi wawan gari, duk inda ya shiga ana ce masa tsallen mai aski. Mai gangarmu ya koma wanke motoci. Shekara uku muna gina abin nan. Yanzu babu kwali, babu suna, ba naki ba nawa.

Ban yi nadama ba, amma raina a ɓace yake, kuma har da ke. Tun ina ɗan shekara goma sha ɗaya nake zuwa gidanki hutu. Kin ga na sayi jita, kin ga ina kwana a kan tsofaffin faifai, kin ji ni ina tambayar kowa yadda ake wannan kiɗan. Kina zaune kina kallona kina cewa in ƙara shinkafa. Kalma ɗaya ba ki taɓa ce mini ba. Kina zagin Terry, amma kafin Terry ya taɓa gam, ke kika fara rufe sunan nan. Da kin buɗe baki, da ban je na sayi gwaggona fam tamanin a hannun wani ba.

Na faɗa, in rashin kunya ce ki yafe. Ki huta lafiya.

Everald

Wolverhampton
9 ga Mayu, 1989

Ɗana Everald,

Gaisuwa, da fatan ka ci abinci.

Rashin kunya ce. Kuma gaskiya ce. Kwana biyu ban iya amsa maka ba.

Ban ji daɗin abin da ya same ku ba, kada ka zaci na yi murna. Na san wannan Litinin ɗin, na taɓa kwana a cikinta.

Shekaranjiya bayan sujada na fito ina gyara hulata, sai ga wasu 'yan mata biyu a bakin ƙofar coci, da ƙaton takalmi, ɗaya ta rungume faifai a ƙirji. Daga Landan suka hau bas, cocinmu ne na huɗu da suka gwada. Duk matan zumunta suna tsaye suna kallo, Fasto ma yana nan. Mai faifan ta ce, "Don Allah Mama, ke ce I. Pinnock?"

Everald, bakina ya ƙi buɗuwa. Ni da na cika maka takarda da ihu. Sai da ta sake tambaya sannan na ce ni ce.

Har yanzu ina fushi da kai, kai ma ka ci gaba da naka. Ka zo ran Asabar mu yi shi ido da ido. Ka taho da jitarka.

Gwaggonka,
Icilda